A Buɗe wa Inna Ƙofa

Maska, ta Funtua,
12 ga Nuwamba, 1984.

Zuwa ga Yayana Abubakar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Barakatu da yara. Yaya Ikko da ruwanta? Allah ya ƙara rufin asiri, ya tsare ku a baƙon wuri. Mu nan sai godiya. An shiga ɗibar auduga, masara kuma bana ta yi kyau har Kawu Mudi yana ta cika baki a kasuwar Bakori kamar shi ya saukar da ruwan. Ƙanwarmu Mairo ta yaye Hussaini, akuyar Inna ma ta haifi biyu. Na san za ka ce Hansai ta fara dogon zancen nata, to ka yi haƙuri, yau zancen yana da dalili, kuma na Inna ne.

Tun da aka yi mata aikin ciwon dajin nan a Zariya, aka cire maman kuma aka sake yi mata wani aikin a ciki, muke bin abin da ka faɗa ranar da za ka koma. Ka tsaya a ƙofar ɗakinta ka ce kada ta ƙara fita, kada ta ɗaga ko ludayi, ta huta, wahalar da ta sha a kanmu ta isa. Ita kuma ta juya fuska bango ta ce to. Ka aiko aka yi wa ɗakin siminti, aka sa labule mai kauri da gadon ƙarfe. Gwaggo Mero ta ƙara da nata, ta ce mai miki ba ya shan nono ba ya cin kifi, wai suna sa mugunya, sai aka koma dama mata fura da tsamiya. Mikin ya warke tun kafin damina biyu da suka wuce, amma dokar tana nan. Matar da ke zuwa Bakori a ƙasa da kwandon daddawa a ka, yanzu rana ma ba ta ganinta sai ta gefen labule.

Watan jiya ta sunkuya za ta ɗauki buta don alwalar azahar, sai muka ji ta yi ƙara. Ba faɗuwa ta yi ba, Yaya, buta ce kawai. Muka same ta durƙushe ta kasa miƙewa. Na ce a raina shi ke nan dajin ya dawo. Kawu Mudi ya samo a-kori-kura muka kai ta Funtua, daga can aka tura mu Zariya aka ɗauki hoto. Alhamdu lillahi, likita ya ce bai ga alamar dajin ba. Amma ya ce wani ƙashi a gadon bayanta ya lotsa, don ƙasusuwanta sun yi sanyi, sun zama kamar karan dawan da ya kwana biyu a darni.

Wadda ta zauna ta warware mana zancen ita ce Sista Folasade, nas ɗin asibitin, 'yar Alhaji Tajudeen mai shagon atamfa a kasuwar Funtua. Ka tuna ta, haihuwar nan ce, Hausarta ta fi taka tun da Ikko ta fara ɓata maka baki. Ta ce aikin nan na biyu da ya tsayar wa Inna da al'ada shi ne farkon abin, don idan al'ada ta ɗauke wa mace farat ɗaya, ƙashinta yakan soma zaizayewa ba tare da ta ji ciwo ba. Ta ce wannan ba laifin kowa ba ne, da shi aka ceci ranta. Amma da ta tambayi yadda Inna ke wuni da abin da take ci, muka faɗa mata, sai ta riƙe baki. Ta ce ƙashi da tafiya yake ƙarfi, zaman wuri ɗaya cinye shi yake yi. Ta ce da zarar bayan ya lafa, Inna ta dinga takawa kullum, ta sha hantsi a tsakar gida, a mayar mata da nononta a fura, a sa mata ƙananan busassun kifin nan da ake ci har ƙaya, da riɗi da zogale. Kaya mai nauyi a ka da sunkuyo su ne aka hana ta. Ta ce a ɗage labulen, a shimfiɗa tabarma a kan simintin saboda santsi, a rage wa gadon tsawo, don faɗuwa ɗaya tana iya karya mata ƙugu, kuma wanda ƙugunsa ya karye a irin wannan hali ba kasafai yake sake tashi ba.

Nono da kifi ba su ba mu wuya ba. Gwaggo Mero ta yi ta gunaguni kwana biyu, daga baya ita ce ma ke tare 'yar Fulani mai tallar nono a zaure. Fitar ce ta gagara. Na lallaɓa, Kawu Mudi ya yi faɗa, Inna ta ce ita ba ta fita. Ta ce wancan ya ce ta zauna, ta kuma amsa masa, ba za ta sa ya ji ya yi abin banza ba. Ka san wancan kai ne. Kai ne ɗan fari, ba ta kiran sunanka, ba ta haɗa ido da kai, balle ta ce maka abin da ka yi don ƙauna yana cutar da ita. Da ni ce na kafa dokar, da tuni ta zage ni tas ta ɗauki gyalenta. Kai kuwa kunyarka ta ɗaure ta fiye da igiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shekaranjiya ya faru. Ka san ragayar nan da Inna ta rataye da hannunta a ɗaki, inda take ajiye ƙwaryar fura. Da safe na shiga na same ta tsaye tana miƙa hannu, yatsunta ba su kai ba. Ba ragayar ce ta hau sama ba, Inna ce ta rage tsawo. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar, sannan ta zauna a bakin gado ta ce mini in rubuta wa Habu. Haka ta faɗa, Yaya, da sunanka. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na fita bayan rumbu na yi kuka na ƙoshi.

Don haka ina roƙonka, don Allah ka janye maganarka. Kada ka aiko da wani gado ko bargo, ba su take bukata ba. Ka rubuto da hannunka ka ce Inna ta fita, ta je ta ga 'ya'yan akuyarta, ta taka zuwa gidan Gwaggo, ni zan karanta mata. Idan Malam Lateef direba zai taso kwanan nan, ka ba shi saƙon, ya fi gidan waya sauri.

Ka gaishe da Yaya Barakatu da yara duka. Kawu Mudi da Gwaggo Mero da Mairo suna gaishe ku. Inna ba ta ce a gaishe ka ba, ka san halinta, amma ta tambaya sau biyu ko na rubuta. Takalmanta na fito da su daga ƙarƙashin gado, na wanke, na ajiye mata a bakin ƙofa. Kai muke jira.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Hansai.