Hoton Malama da Ƙawayenta

Ƙawalli,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya baƙunta a sabon gari? Yaya ciwon bayan nan naki? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Na koma rubutu ne saboda wayarki ta zama ta ado, in an kira sai ta yi ta ruri har ta gaji ta yi shiru.

Zaman Asabar yana nan a falon Madam yadda kika bar shi, hirar ce dai ta mutu tun ranar da na sayi kyamarar nan ta hannu. Ni fa tsuntsayen kan wayar lantarki na so in riƙa ɗauka, da tsoffin ƙofofi, da inuwar benenmu da yamma. Ina! Tun ranar aka daina ce mini Doguwa, na koma Mai Hoto. In an jera abinci ba mai taɓawa sai na ɗauka, ya huce sannan a ci. Madam ɗinki, matar ɗan kwangila, ta gano kuncinta na hagu ya fi na dama, saboda haka kullum a karkace take kamar mai ciwon wuya. 'Yar Banki tana shanye tumbi, ta riƙe numfashi har idonta ya yi ja. Amarya kuwa, wadda ɗanta ya kusa fin ta tsawo amma ta ƙi a sauya mata suna, turo baki take yi kamar an hana ta rabo. In na koma gida a gajiye da tsayuwar aiki a kemis, sai saƙonni: a rage mini damtse, a goge mini layin wuya, a ƙara mini haske. In kika ga abin da suke ɗorawa a waya, wallahi sai ki wuce su a titi ba ki gane su ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Malama. Ciwon nan na nono ya dawo mata, kuma maganin da ake ɗura mata a asibiti ya fi ciwon cin jiki. Ta ajiye koyarwa. Ta rame, ta yi duhu, gashi ya zube har gira. Duk da haka in ta ji dama-dama sai ta lallaɓo zaman Asabar tana yi mana dariyar nan tata. In za a yi hoto sai su tura ta can ƙarshen kujera, wai don ta sami wurin jingina. Rannan Madam ta kira ni ta ce in ɗan datse gefen, hoton zai fi daidaita. Na ce ba ni da irin wannan almakashi. Sai ta datse da kanta a waya ta ɗora, ga gwiwar hannun Malama nan a gefe an manta da ita. Malama ma ta gani.

Da na raka ta asibiti makon nan, a hanya ta roƙe ni abu guda. Hoto take so, ita a tsakiya, ƙawayenta kewaye da ita, a falonta, a wanke shi babba a sa a firam. Ba don kanta ba, don 'yarta. Ta ce tun da yarinyar ta yi wayo ba ta san uwarta da komai ba sai kwanciya da kwalaben magani, tana so in ta girma ta dubi bango ta ga uwarta mai mutane ce. Ke ta fara ambata, ta ce benci ɗaya kuka zauna tun firamare.

Ki zo, Ƙawalli. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara.

Taki,
Doguwa


Ƙawalli,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku baki ɗaya. Yaya mai murar, ya warware? Amsarki ta iso. Na karanta na sake karantawa ko zan ga rana a ciki, ban gani ba. Na ga "da zarar maigidan ya sami sarari". To, Allah ya ba shi sarari. Ni dai abin da na sani, zumunta a ƙafa take.

Na kai wa mutanenki saƙon Malama. Zo ki ga salati da dafe ƙirji. Amarya har da hawaye, tana ɗiban su da bakin tishu ɗaya bayan ɗaya don kada gashin idon da ta manna ya jiƙe. Kafin hawayen su bushe an shiga gardamar kalar kayan da za a sa, kuma a kanta aka tashi.

Na yi musu bayani dalla-dalla cewa da safe za a yi. Ƙarfin Malama na safe ne, rana na dagawa take laushi. Kuma tagar falonta da safe takan zubo haske mai taushi daidai kan doguwar kujera, irin hasken da ke yi wa fuska adalci, ni kuwa ba zan haska mata fitilar kyamara a fuska ba. 'Yar Banki ta ce ita da safe fuskarta a kumbure take. An sa rana an ɗaga, an sake sawa an ɗaga: wannan tana da taro a ofis, waccan telanta ya yi mata ƙarya.

Madam ta zo har kemis, ta jingina da kanta, ta rage murya tana tambayata wai ana ɗaukar ciwon nan, tunda ita ce za ta zauna kusa da mai shi. Mace mai digiri fa. Na ce mata hali kaɗai ake ɗauka wurin zama da Malama, shi ma ban ga alamar za ta kamu ba. Ta yi dariya ta ce hankalinta ya kwanta. 'Yar Banki kuma ta aika direba da kwandon 'ya'yan itace. Kafin kwandon ya isa gidan, na riga na gan shi a shafinta, da addu'a a ƙasa ga "wata baiwar Allah".

Ita kuwa baiwar Allahn shiri take yi kamar mai jiran manyan baƙi. Ta aika shuɗiyar rigarta wurin tela an rage, an sake ragewa. Ta sa ina koyon zana mata gira, ni da ban taɓa zana tawa ba. Na farko da na yi, ta dubi madubi ta ce na mayar da ita mai mamakin duniya, muka yi ta dariya har Inna, mahaifiyarta, ta leƙo daga kicin. Amma ba na son yadda likita ya daina haɗa ido da mu.

Yanzu an tsayar da Asabar ta sama, sun yi rantsuwa. Motar garinku ba ta daina tashi ba. Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Doguwa


Ƙawalli,

Barka da war haka. Ina fata kuna lafiya, yara suna karatu. Saƙonki na ban haƙuri ya shigo ranar da safe, na karanta wa Malama, ta ce Allah ya kiyaye hanya ko ba a hau ta ba.

Bari ki ji yadda aka yi. Na isa da wuri, na janye teburin tsakiya, na ɗage labule. Inna ta share falon kamar za a lashe. Muka yi wa Malama wanka, muka sa mata rigar, na zana girar, wannan karon ta zauna. Ta hau tsakiyar doguwar kujera, hasken ya sauko mata, na rantse miki ta yi kyau. Na ɗan ɗauke ta hoto muna jira. Duk motar da ta wuce sai ta gyara zama.

Na kira Madam, ta ce suna wurin mai kwalliya, yanzu-yanzu. Na sake kira, ta ce saura Amarya. Hasken ya zame daga kujera ya sauka ƙasa, ya bi ta ƙofa ya fita. Malama ta fara zufa, girar ta fara narkewa. Na ce ta kwanta, ta ce a'a, kada su zo su same ta a yamutse. Haka ta zauna har amai ya taso mata, ya ɓata rigar. Ni da Inna muka ɗauke ta muka kai ɗaki, ba ta da nauyin komai.

Sai da rana ta yi sanyi suka iso, kaya iri ɗaya, turare kamar an fasa shago, fuska ta sha hoda har ba ta motsi. Suka leƙa ɗakin daga bakin ƙofa, kowacce ta ce sannu, ba wadda ta taka ciki. Da muka dawo falo Amarya ta dubi sauran ta ce ai bai kamata kwalliyar nan ta tashi a banza ba. Na ɗauka wasa take yi. Kafin in ankara sun jeru a kan kujerar, Madam ta karkata hagu. 'Yar Banki ce ta ce a bar gurbi a tsakiya, tunda na iya kwamfuta sai in saka Malama daga baya, ai duk ɗaya ne.

Na fara mayar da kyamara jaka, bakina cike da maganar da ta daɗe tana cina. Sai muryar Malama daga ɗaki, can ƙasa-ƙasa: "Doguwa, ɗauke su."

Na ɗauke su. Ba su bar ni da ɗaya ba, sai da aka yi na tsaye, aka yi na dariya, aka fita tsakar gida wurin furanni. Tana kwance tana jin shewarsu ta taga. Da za su tafi Madam ta ce in turo mata da wuri, kuma in duba damtsenta.

Na taɓa raina mutane, Ƙawalli, amma ban san raini yana hana cin abinci ba sai ranar. Ki gaida maigidan, in ya sami sarari.

Taki,
Doguwa


Ƙawalli,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Yaya haƙuri? Na san labari ya riga takardar nan isa, tunda na ga abin da kika rubuta a shafinki. Kin iya rubutu, ba laifi. Allah ya jiƙan Malama, ya raya abin da ta bari.

Kin ce in turo miki hoton da ake ta yawo da shi, kina mamakin yaushe aka yi shi har da ke a ciki. Ga shi na haɗo miki, ga kuma yadda aka yi.

Bayan ranar nan ba ta sake zama ba. Na ce mata zan wanke nata ita kaɗai, ya fi mutunci, su can su ji da nasu. Ta girgiza kai. Ta ce, "Haɗa mu. Yarinya ba za ta gane ba. Ki saka Ƙawalli ma, a damana." Na yi gardama, na ce ƙarya ce, kuma waɗannan ba su cancanci bangonta ba. Ta ce ita ba cancanta take rabawa ba, uwa take so ta bar wa 'yarta.

To na zauna. Ni da nake ƙyamar goge wa mutane layin wuya, na yi ƙaryar da ban taɓa yin mai kyanta ba. Na ɗauko Malama daga hasken safe, na sa ta a gurbin da suka bari. Na sauya hasken fuskokinsu ya dace da nata. Idon Madam ma sai da na juyo shi ya kalli Malama, tunda a ainihin hoton kyamara yake kallo. Ke kuma na ciro ki daga wani tsohon hoton zaman Asabar. Na kai mata a firam tana da sauran gani. Ta daɗe tana kallo, ta ce kowa ya yi kyau.

Ranar da suka zo gaisuwa, a bango suka same shi. Kowacce ta ɗaga waya ta ɗauka. Kafin yamma ya cika gari: "zamanmu na ƙarshe da masoyiyata". Amarya tana ba mutane labarin abin da Malama ta raɗa mata a kunne a lokacin, kuma na lura ita kanta ta yarda. Madam ta ja ni gefe ta ce aikin ya yi, sai dai na manta damtsen. Ba zan taɓa tankawa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, don duk ranar da na tona su, yarinyar na tona wa. Zaman Asabar dai na bar musu, su nemi wani mai hoton.

Yarinyar kullum sai ta hau kujera ta tsaya gaban firam ɗin. Ta san sauran, ke ce ba ta sani ba. Ta tambaye ni wace ce wannan da ta riƙe Mama, na ce babbar ƙawarta ce tun suna yara. Ta ce ke ta fi so, don ke kaɗai kika taɓa ta.

Ki duba hoton da kyau. Duk hotunanki da ke wurina babu inda kika miƙa hannu. Da safen ranar hoton, muna jiran su, na ɗora kyamara a kan tebur na saita ta, na zauna kusa da Malama na dafa kafaɗarta. Wannan na ɗauko, na cire kaina na saka ki, tunda ni yarinyar tana ganina kullum. Hannun ne ya ƙi ciruwa ba tare da na ɓata rigar ba, sai na bar miki shi.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma wannan ba ya bukatar mota. Wata rana za ta girma ta neme ki. In ta tambaye ki, ki ce kin zo.

Ki gaida maigidan da yara.

Doguwa