Wayar Mijinyawa

Abban Ihsan, sanyin idona, inuwar da nake fakewa, wanda har yau ban ga na biyunsa ba daga Kabo har Gwarzo,

Ina gaishe ka, amma da ɓacin rai nake rubutun nan.

Ka tuna kwana ukun da ka yi kafin ka koma Fatakwal, ka tasa rautar gidan nan, na'urar da ke raba mana intanet, a gaba, shayinka na hucewa? Ka ce manhajar da kamfani ya sa a cikinta na zuƙe data, ga tsadar rayuwa, gara a cire ta. Ka auna wannan, ka auna waccan, ka zaɓi wadda ka ce cikinta a buɗe yake, kowa na iya dubawa. Ina gefenka ina maka fifita, ina alfahari mijina gwani ne. Ashe ɗan leƙen asiri nake taya ka girkawa a ɗakina.

Yanzu daga can kana ganin duk wayar da ta hau intanet ɗin gidan. Ka ga wata waya mai sunan namiji, Mijinyawa, tana hawa kullum da hantsi, ba ka tambaye ni ba, sai ka sa yayanka Dabo ya riƙa zagayo ƙofar gida. Shekara tara da aure, ni za a sa wa mai gadi?

To ka ji. Wayar Inna Marka ce, mahaifiyarka. Ni na saya mata ta hannu a kasuwar Gwarzo, da sunan tsohon mai ita a ciki, ban ma san ana gogewa ba. Takan zo in koya mata tura saƙon murya, ta ce kada ka sani sai ta ƙware. Jiya da Yaya ya faɗa mata dalilin zagayensa, ta ajiye wayar a kan tabarma ta fita ko sallama babu.

Waɗanda suka rubuta manhajar nan ba ka taɓa ganinsu ba, ka yarda da su. Ni da ka sani ciki da bai fa? Da gaban alƙali na je, ka san hukuncin ƙazafi. Son ka ne ya hana ni, kuma wallahi haushin son nan nake ji.

Na zare rautar na sa a akwati, shi ya sa takarda ta zo maka ta hannun direba. Ka hau mota ka zo. Ka fara da ɗakin Inna, sannan nawa.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a binne ni, ko da kai ka yi shakka,
Badi'a