Shaidar Bakin Maiturare

Adabka.

Zuwa ga ɗana Lukman,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maigidanka mai kemis da mutanen Gummi baki ɗaya. Innarka tana gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, a aji huɗu na tsaya, kuma ko can ɗin shara ce ta fi karɓa ta. Na ƙi yi maka saƙon murya don wayata ba ta iya sirri ba.

Maganar ƙanwarka Hure ce, can Duza. Ka san ɗiyarta Muhsina tana shan ƙwayoyin asibitin Anka tun da anka ga gubar dalma a jininta. To, mijin Huren, Sagir, ya tsayar da maganin. Mutumin da ya kawo dutsen zinari mai dalmar har tsakar gida yana daka, shi ne likita yau. Ya kalli wani Bature mai gemu a waya, wai taba magani ce, kamfanoni ne sunka ɓata mata suna don su sayar da nasu. Wai abin da ke cikinta sunansa nikotin. Tun ina saurayi take zaune a leɓena, ban san tana da sunan boko ba.

Kada ka ɗauka ina kare iyayen gidanka 'yan kamfani. Mutanen da ke sauya wa ƙwaya kwali su ce sabuwa ce, su rubuta illarta da baƙaƙen da ko tururuwa sai ta sa tabarau. Na raina su tun kafin a haifi Sagir. Amma shi ganyen taba zai jiƙa ya ɗura wa yarinyar da ko famfara ba ta fara ba. Kuma wai ni ne hujjarsa: ga surukinsa na cin taba, bai taɓa kwanciya asibiti ba. Zai tara dattawan gidansu ran Jumma'a, ya aiko in zo in ba da shaida. Zan je.

Ka gaida duk mai tambayata.

Mahaifinka,
Maiturare

Anka.

Zuwa ga Lukman,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya. Ni dai da sauƙi-sauƙi, za ka ji dalili.

Na je Duza. Na tarar har an ba yarinyar ruwan tabar, ta yi ta amai ta yi laushi, Sagir na cewa gubar ce ke fita. Hure na raɓe bakin ƙofa, ba ta da bakin magana gaban surukai.

Anka shimfiɗa mini buzu kamar wani malami. Sagir ya yi wa'azin nikotin har da ɗaga yatsa, sannan ya ce in yi bayani. Sai na wangame baki na bi dattawan ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa. Ka san kayan da ke ciki: haƙora uku, kowanne na gaba da ɗan'uwansa, ga dasashi kamar gindin tukunya. Na ce musu ruwan taba kam na san aikinsa, da shi muke wanke wa shanu kaska, kuma ban taɓa ganin kaskar da ta warke ba.

Sharu, mahaifin Sagir, ya ce a mai da yarinya asibiti. Shi kuma gogan, Sagir, don kada ya tashi a tutar babu, ya ce in taba guba ce mi ya sa nake ci? Wai ba zai yarda ba sai dai in aje tawa muddin Muhsina na shan ƙwaya. Ya zaci ba zan iya ba. Ni ma haka na zata. Na miƙa wa Sharu battar tabata gaban jama'a, munka hau babur ni da Hure, yarinyar a tsakiya.

Likita ta ce dalmar ta ƙaru, za su riƙe ta, kuma ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ni ke ba ta ƙwayar da hannuna, ta kamfanin nan da nake zagi, kuma ban fasa zagin ba. Rashin tabar kuwa ya sa kaina kamar ana sussuka a ciki. Na yi faɗa da mai shayi, da mai gadi, da wata akuya da ba ta ce mini komai ba. Amma yau da safe Muhsina ta sha kunu, kuma ya zauna.

Ka zo ka taya mu jinya, Hure ta samu ta runtsa. In ka biyo ta kasuwa kada ka sayo mini komai, ko da na kira ka na roƙa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Maiturare