Ranar da Muka Sauke Gammo

Zuwa ga Na'ibi, sanyin idona, iskar teku da la'asar, ruwan randa bayan dogon ƙishi,

Albishirinka! Ka ce goro, masoyina. Mun yi! Yau da hantsi duk 'yan dakon tashar jiragen ruwa muka sauke gammo daga ka, kowa ya ajiye nasa ya zauna a kai, hannu a buɗe bisa gwiwa, kamar yadda ka tsara mana tun ranar da zafin rana ya kashe abokin dakonmu Ubale ƙarƙashin buhun shinkafa. Babu sanda, babu zagi. Wakilin kafili, ubangidan da muke wa aiki, ya yi ta ihun yalla, yalla, wai mu tashi, har muryarsa ta dushe, ko gezau ba mu yi ba. Masu gadinsa suka sa bulala, muka sunkuyar da kai muna salati. Kafin azahar ya sauko: za a ba mu hutu a inuwa, za a kawo ruwa. Halas, magana ta ƙare!

To ina kake, kai mai wannan dabara? Kana ɗaki a unguwar Nuzla kana ɗaure kaya, wai jirgin Bur Sudan za ka bi ranar Asabar. Don me? Don Abdulghaffar, shugaban ƙungiyarmu, ya ce irinmu za su ɓata wa gwagwarmaya suna, ka ja baya kada a gan ka? Haba, Na'ibi! Shi da kullum yake mana wa'azin 'yancin talaka, mu ba talakawa ba ne? Bulalar nan ba ta tambaye ni wanda nake so ba kafin ta sauka a bayana.

Ka tuna ranar da muka rataya akwatin wani alhaji a sanda ɗaya, kai gaba ni baya, ina ɗingishi ina ɓoyewa? Ba ka waiwayo ba, kafaɗarka ce ta ji ni, ka rage sauri. Wayyo, tun ranar na zama naka! In ka tafi, wa zai daidaita tafiyarsa da tawa? Da wa zan sha shayi a kofi ɗaya?

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba, na san abin da ke jiranmu in magana ta fita. Amma son da nake maka ya fi tsoron. Yau a gaban jama'a na faɗi mai dabarar, suka yi ta kiran sunanka, Abdulghaffar ya sunkuyar da kai. Na ce masa in babu kai a taron ƙungiya na ranar Juma'a, babu ni.

Don Allah ka kwance kayan nan, ka zo ka ga abin da ka shuka. In kuwa ka ƙi, kada ka ja igiyar ƙunshin da ƙarfi, don rigunana biyu ma a ciki za su tafi, ƙafata ƙafarka.

Naka har ƙasa ta rufe min ido,
Haladu