Kada a Soya Kifin Angona

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Tsangayar Kimiyya, a jami'ar da jikana yake aiki.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Ranka ya daɗe, kafin in shiga magana ga kacici-kacici, kai da duk mai karantawa: wane ne yake famfara tun yana jariri har ranar mutuwarsa, bai taɓa jefa haƙori saman ɗaki ba, bai taɓa ɓoye wa ƙadangare baki ba, kuma ba a taɓa ganinsa da giɓi ba? Riƙe amsarka tukuna.

Ni ce Hajiya Tabawa ta Roni, kakar Dakta Habibu, wanda nake kira angona duk da ya fi son kifi a kaina. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in rubutu ya karkace a yi haƙuri. Ranar Juma'a ya zo ya kasa cin tuwona, ya ce kun ba da umarni a kwashe ɗakin kifinsa kafin ɗalibai su dawo hutu, za a mayar da shi ɗakin taro. Tun ranar na kasa zama. In na zauna in miƙe, in na miƙe in manta abin da ya tashe ni.

Na ɗaya, aikin nan a tsakar gidana ya fara. Ranar da haƙorinsa na fari ya fita, na sa shi ya jefa saman ɗaki, na ce ya rufe baki kada ƙadangare ya gani ya hana wani fitowa. Yana tsugune da hannu a baki ina gyaran karfasar da aka kawo daga dam ɗin Kazaure, sai ya zura yatsa maƙogwaronta ya ji haƙora a can ciki. Ya manta da ƙadangare, ya dame ni da tambaya. Na kora shi makaranta don in huta, ga shi har ya yi furfura bai gama tambayar ba.

Na biyu, an ce kun ce a saki kifin, ai kasuwa cike take da kifi. Ranka ya daɗe, na shiga ɗakin da ƙafata. Waɗanda ke cikin akwatunan gilashin nan zuriya ce: kakanni, 'ya'ya, jikoki, kowa an san uwarsa. Wasu ana ba su abinci mai taushi, wasu mai tauri, yana duba yadda Allah yake sauya haƙoransu a hankali daga kaka zuwa jika, da yadda dangi ɗaya suke rabuwa, wannan ya zama mai kankarar gansakuka, wancan mai fasa dodon koɗi. A wace kasuwa ake sayar da kifi da tarihin kakarsa?

Na uku, na ji ma'aikatanku har sun fara rabon kifin da baki, kowa da na miyarsa. Ku ja musu kunne. Mai kwaɗayi ya zo Roni, ni zan soya masa tarwaɗa.

Na huɗu, shi ne ya hana ni sukuni. Wata jami'a a ƙasar waje ta daɗe tana kiransa, yana ƙi saboda kifin nan. Ya ce saboda ni ne, amma na san matsayina. In kuka kwashe ɗakin zai tafi. Ni kuwa haƙora biyu suka rage mini, naman ma sai an daka. Wanda ya kai nan ba ya jiran mai dawowa baɗi. Ina so in rana ta zo a ga Habibu a sahun gaba.

Roƙona: ku bar masa ɗakin. In taron ya zama dole, akwai inuwar darbejiya a ƙofar ofishinku, na ganta, zan aiko da tabarmi. Kuma kafin ka sa hannu a takardar kwashe ɗakin, ka shiga ka leƙa bakin karfasa ɗaya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya zuriya, ya bar maka haƙoranka har tsufa. Wassalam.

Amsar kuwa kifi ne. Haƙorinsa yana fita wani yana maye gurbi har ya mutu. Mu sau biyu aka ba mu. Dalilin haka Habibu yake nema a ɗakin da za ku rufe.