Tutarmu Ba Za Ta Raka Kanar Venturoli Ba

Cikin alhinin da ladabi ya ɗora mana, Ƙungiyar Tsofaffin Sojojin Bataliya ta Tara da Iyalan Waɗanda Ba Su Dawo Ba ta samu labarin rasuwar tsohon kwamandanmu, Mai Girma Kanar Amilcare Venturoli mai ritaya, mai lambobin yabo huɗu, wanda ya cika a kan gadonsa a Modena yana da shekara tamanin da bakwai, gatan da samarinmu ɗari shida ba su samu ba.

Jaridu sun yi ta kambama aikinsa na watan Agustan 1943, mu ma ba mu musa ba. Ya tuɓe kaki, ya yi shigar ɗan kasuwar man zaitun, ya je Lisbon a asirce ya zauna da hafsoshin abokan gaba, ya dawo da sanin ranar da Italiya za ta ajiye makami, su kuma su sauke rundunarsu a ƙasarmu.

Abin da jaridun suka tsallake shi ne, saura kwana biyar a ajiye makamin, marigayi ya ziyarci sansaninmu a gaɓar Albaniya, ya ci taliyarmu, ya goge baki. Ya san sarai Jamusawan da ke maƙwabtaka da mu, abokan yaƙinmu a lokacin, za su juyo mana da bindiga, amma bai ce uffan ba. Wai sirrin soja. Sirrin dai bai hana shi sa hannu a takardar hutun mutum ɗaya tak ba, Laftanar Oreste Galli, ƙanen matarsa, ya tafi da shi. Mu kuwa a rediyo muka ji an ajiye makami, rabinmu na bakin teku suna wanki, Jamusawa suka far mana.

Matarsa, Uwargida Clelia, ta rubuto tana neman tutarmu, wadda bisa al'ada take raka gawar kowane ɗan bataliya. Da muka zauna, Uwargida Assunta Ferri, wadda har yau ba ta san inda kabarin mijinta yake ba, ta miƙe ta ce, "Wai tuta! Da hannuna na ɗinka ta. Ku ɗora ta a kan mutumin nan, ku ga in ban warware ta zare-zare ba." Ba wanda ya ja da ita.

Muna roƙon Ubangiji ya ba iyalansa juriya irin wadda ya ba namu shekara talatin da biyar. Tuta ba za ta zo ba. In ana neman ɗan bataliya da zai ɗauki akwatin gawa, Laftanar Galli yana nan da ransa.

Sajan Tullio Benassi mai ritaya
Kakakin Ƙungiya