Kunnen Malakai a Bakin Kogo

Auckland, 4 ga Agusta

Ƙanena Malakai,

Bayan gaisuwa cikin sunan Ubangiji, ina fata kana lafiya, kai da ’yarka Kalolaine. Na sauka lafiya, doyar da ka cusa mini ta kusa karya akwatin.

Takarda na rubuto don waya ta daina yi maka amfani, kullum sai ka ce layi ne ba kyau. Ba layi ba ne. Ranar da na bi baƙinka masu yawon buɗe ido zuwa kogon teku, ina zaune daf da kai a kwalekwalen. A bakin kogon na ce maka igiyar ruwa na tafe, har sau uku, ba ka ko waiwayo ba. Da gefen kwalekwalen ya gogi dutse, Turawan nan suka yi ta tafi, sun ɗauka cikin shirin ne. Ni kuwa na san ba shiri ba ne. Na yi shiru don ’yar’uwa ba ta kunyata ɗan’uwanta a gaban baƙi. Faɗa mini gaskiya, yaushe kunnen ya tafi?

Yayarka,
Lesieli

Neiafu, 19 ga Agusta

Yaya Lesieli,

Gaisuwa da girmamawa. Wato shekara talatin a ƙasar sanyi ta mai da ke likita? Dutsen nan ni da shi mun saba, gaisawa muka yi.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunnen hagu ya mutu shekara biyu ke nan, na dama yana bin sahunsa. Kin san yadda Baba ya koya mini: a tsaya a baki, a saurari numfashin kogon, in ya ja iska ciki a shiga. Yanzu da tafin ƙafa nake saurare, ta katakon kwalekwale, kuma yawanci ina cin sa’a. Waƙar cocin da nake rera wa baƙi a ciki har yanzu ina yin ta, sai dai ba na jin kogon yana mayar mini. Fuskokinsu nake kallo in san ya amsa.

Yaya, shekara ashirin da bakwai ina shiga ramin nan, ban san wani aiki ba. A gidanmu maganar ’yar’uwa ba a tsallake ta, in kika ce in bari dole in bari. Ina roƙonki kada ki ce. Tsoron zaman gida nake ji fiye da tsoron teku.

Naki mai biyayya,
Malakai

Auckland, 2 ga Satumba

Malakai,

Ina gaishe ka. Na karanta takardarka sau uku, na yi kuka, na kuma ji haushinka. “Yawanci” ka ce. Ran nan akwai wata mata da jariri a cinya, ita ba ta biya kuɗin yawanci ba.

Na ce ka bari. Ka miƙa wa Kalolaine injin kwalekwalen, tun tana ’yar shekara goma take bin ka, kunnenta ras. Ban ce ka zauna a gida ba, don na san za ka addabi kaji. Zauna a gaban kwalekwalen ka yi waƙarka, muryar ai ba ta kurumce ba. In za ka yi fushi da ni, yi, na ɗauka.

Allah ya tsare ku,
Lesieli

Neiafu, 21 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa. Na yi fushin, sati biyu cur. Ranar Talata Kalolaine ta kai mu, mutum goma sha biyu, ni a gaba kamar buhun rogo. A bakin kogon ƙafata ta ce mini lokaci ya yi, na ɗaga mata hannu don ta shiga. Ta girgiza kai, ta riƙe injin. Har na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai wata igiyar ruwa ta wuce mu ta daki bakin dutsen, ruwan ya rufe ƙofar gaba ɗaya. Ban ji zuwanta ba, Yaya, ko kaɗan.

Na sauke hannuna na zauna a kansa, kada ya sake tashi.

Ki huta lafiya,
Malakai